Ka jira sabon synth ko ka sayi injin ganga yanzu?

Malam, tambayarka ita ce ko ka dakata sai an fitar da sababbin synth (na'urar hada sautin kida ta lantarki), ko ka sayi injin ganga Digitakt II ko TR-8S yanzu. Ni dai shawarata kar ka jira. Yawancin sanarwa a bajekolin kayan kida na NAMM ake yi a Amurka farkon shekara, sai bajekolin Superbooth a Balin wajen watan Mayu, kuma sanarwa daban kaya a hannu daban, kamfanin Behringer ma sai su nuna hoton na'ura ka shekara kana jira shiru kake ji. Hasashena dai za su ci gaba da farfado da tsofaffin na'urorin analog ne, wato wadanda ba na dijital ba.

Wajen jera bugu kuwa Digitakt II na 2024 ya fi, layin sauti 16 ne, taku (gurbin da ake sa bugu) har 128, kuma kowane taku kana iya kulle masa sautinsa daban, ko ka ce wannan bugun sai a zagaye na biyu zai fito, shi ke hana kida maimaita kansa har ya gunduri kunne. TR-8S kuma saukin hannu gare shi in a gaban jama'a za ka buga. In kidanmu mai ma'aunin bugu 6/8 kake so, mayar da tsawon zagayen zuwa taku 12, duka biyun suna yi.