Tambayoyin Masu Karatu: Shin Rubutun Ƙasan Shafi Ya Isa Kula da Takardun da Aka Buga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni aka ɗora wa alhakin kula da takardu a masana'antar da nake aiki, kuma muna shirin neman shaidar ISO 9001, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tsarin kula da ingancin aiki. Duk takardun da ke bayyana matakan aikinmu suna cikin kwamfuta, amma ma'aikatan da ke gaban injina ba su da kwamfuta, saboda haka muna buga musu a takarda. An ba ni shawarar in rubuta a ƙasan kowane shafi cewa kamfani ba ya kula da kwafin da aka buga, wai da haka mun fita daga zargi. Shin hakan ya wadatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam. A halin da ka bayyana, bai wadatar ba, kuma yana iya zama hujja a kanku. Wannan rubutu an ƙirƙire shi ne domin wanda ya buga takarda don ya karanta ko ya je da ita taro, alhali ainihin wadda yake aiki da ita tana gabansa a kwamfuta. Amma ma'aikacin da ba shi da abin dubawa sai takardar da ke manne a jikin injinsa, idan ka rubuta mata cewa ba a kula da ita, ka shaida da hannunka cewa ana sarrafa kayanku bisa umarnin da ba wanda ya tabbatar da ingancinsa.

Abin da ƙa'idar ta nema yana cikin sashe na 7.5.3 na bugun 2015. A can an ce bayanan da aka rubuta su kasance a samu, kuma su dace da amfani, a wurin da ake buƙatarsu da lokacin da ake buƙatarsu, sannan a kula da rarraba su, da adana su yadda za su karantu, da sauye-sauyen da ake yi musu, da yadda ake kawar da su. Bugun 2008, a sashe na 4.2.3, ya fi fitowa fili, domin ya ambaci hana amfani da takardun da aka daina aiki da su bisa kuskure, da sa musu alama idan za a ajiye su. Ka lura cewa babu inda aka wajabta hatimi, ko jan tawada, ko takarda mai launi. Waɗannan dabaru ne da kamfanoni suka zaɓa wa kansu, kuma duk wadda kuka rubuta cewa za ku bi, mai binciken da zai zo tantance ku kafin a ba ku shaidar zai kama ku da ita.

Shawarata ita ce ka fara da ƙirga wuraren da lallai sai da takarda, ka rage su iyakar iyawarka, domin kwafi biyar sun fi hamsin sauƙin bibiya. Kowane kwafi ka ba shi lamba, ka shigar da shi cikin rajista tare da sunan takardar, da lambar sabuntawarta, da kwanan watan da aka amince da ita, da wurin da take. Lambar sabuntawar ta fito a kowane shafi, ba a bango kaɗai ba, saboda shafi ɗaya ne ma'aikata kan ciro su liƙa kusa da su.

Inda yawancin tsare-tsare ke rushewa shi ne ranar da aka yi gyara. Sauya takarda a kwamfuta aikin minti biyar ne, amma zagayawa a karɓo tsofaffin kwafe yana buƙatar mutum ya tashi daga kujerarsa. Saboda haka kada a ɗauki gyara a matsayin kammalalle sai an miƙa sabon kwafi, an karɓi tsohon hannu da hannu, shugaban sashen ya sa hannu a rajista, an kuma sanar da masu aikin dare abin da ya sauya. Tsofaffin a yayyaga su, a bar guda ɗaya kawai don tarihi, a buga masa hatimin da ke nuna an daina aiki da shi, a ajiye shi nesa da wurin aiki.

Akwai kuma abin da rajista ba ta gani, wato fotokwafin da ma'aikaci ya yi wa kansa ya jefa a aljihun tebur, da gyaran biro da ake yi a gefen shafi. Na farkon, hatimi mai launi a kan kwafin da ke cikin rajista yana tona shi, tunda idan fotokwafin na baƙi da fari ne launin ba zai fito ba. Na biyun kuwa ban cika ganin laifin ma'aikaci a kansa ba, domin sau da yawa alama ce cewa abin da aka rubuta a ofis bai yi daidai da yadda injin ke aiki ba, kuma abin da ya kamata shi ne a ɗauki gyaran a duba shi, in ya inganta a shigar da shi ta hanyar da aka amince.

Kafin masu bincike su zo, ka yi abin da su ma za su yi: ka je gaban inji, ka ɗauki takardar da ke wurin, ka gwada lambar sabuntawarta da ta kwamfuta. Ka haɗa har da takardun da suka fito daga waje, kamar littafin sarrafa inji da zanen da abokin ciniki ya aiko, domin sashen na 7.5.3 ya shafe su su ma.