Amsar Anti kan CV ɗin neman aikin rainon yara

Salamu alaikum mutanen gida. Hannuna duk kwaɓin fulawa ne, shi ya sa na yi murya. Amsa ce ga 'yata da ta yi tambaya jiya da daddare, wai tana son neman gurbin koyon aiki a gidan rainon yara nan Ingila, irin wanda ake koya miki kuma ana biyanki, amma ba ta taɓa aiki ba, me za ta sa a CV.

Ke 'yar nan, wa ya ce ba ki taɓa aiki ba? Tagwayen mamanki wa ya raine su? Wa yake canza musu kunzugu, ya dama madara, ya ɗiga a bayan hannu ya ji zafinta? Ajin ƙanana na Islamiyya ran Asabar fa? To shi za ki rubuta. Kar ki ce "ina son yara" ki yi shiru, kowa haka yake cewa. Ki faɗi yara nawa ne, shekarunsu nawa, tsawon wane lokaci, me kika yi da wanda ya ƙi daina kuka bayan tafiyar uwarsa. Hausarki ma ki sa, yare biyu ba ƙaramin abu ba ne a wajensu.

Sai ki manta da irin CV ɗinmu na gida. Ba hoto, ba ranar haihuwa, ba jiha da ƙaramar hukuma, ba maganar aure. Shafi ɗaya ya ishe ki. Sakamakon GCSE, jarrabawar sakandare ta nan, na Turanci da lissafi ya zo a can saman shafin.

Ki leƙa EYFS, tsarin raino da koyar da yara da suke bi daga haihuwa zuwa shekara 5. A ɗakin 'yan ƙasa da shekara 2, babba ɗaya yara uku ne, suna iya tambayarki. Ki rubuta a shirye kike a yi miki binciken DBS, wato a duba ko an taɓa kama ki da laifi. Kuma kwanan watan abubuwan da kika yi, kar ki bar giɓi a CV ɗin, don kan tsaron yara ba su da wasa. Watannin da kika yi a Kano wajen Hajiya, rubuta su kawai.

Koyon aikin mataki-mataki ne, na 2 za ki nema tukuna, na 3 ya biyo baya. Ki roƙi malamar Islamiyya ta tsaya miki shaida, dangi ba sa shiga.

Af, wannan imel ɗin naki mai "gimbiya" da lambobi, don Allah a buɗe sabo da sunanki. Turo min kafin Lahadi in duba.