Tambaya da Amsa: Yara Sun Matsa Sai an Kawo Musu Ɗan Kwikwiyo

Tambaya: Yarana biyu, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 9, sun hana ni sakat sai na saya musu ɗan kwikwiyo, ƙaramin nan mai gashi da ake kira Lhasa. Ina amfaninsa, ina illarsa? (Wata uwa, Kaduna)

Amsa: Hajiya, amfani akwai shi. Yaron da ke zuba wa kare abinci safe da yamma, ya sauya masa ruwa, yana koyon kula da abin da aka ba shi amana, ga tausayin dabba, ga wasan da zai raba shi da waya. Sai dai irin wannan kare yakan kai shekara 12 zuwa 15. Ranar da babban ya tafi makarantar kwana, aikin kanki zai dawo.

Kada ki karɓe shi kafin ya cika mako 8 a wurin uwarsa. Wanda aka raba da wuri ya fi yawan cizo, don a cikin 'yan'uwansa yake koyon sassauta haƙori.

Allura ita ce babbar magana. Ta fabo, cutar da ke sa amai da zawo mai jini ta kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ta haukan kare kuwa sai ya cika wata 3, sannan duk shekara. Nemi katin allura a hannun mai sayarwa. “Ai an yi masa” ba shaida ba ce. Maganin tsutsar ciki duk mako biyu har wata 3, wata-wata har wata 6, daga nan duk bayan wata uku, domin ƙwan tsutsar yana fita a kashinsa, ƙaramin yaro kuma komai baki yake kaiwa.

Ƙaramin naki shi ne abin lura. Yara kan sungumi irin wannan kare kamar 'yartsana, su ja masa wutsiya, shi kuma fuska yake kai wa cizo. Kada a bar su su kaɗai, kada a taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Gashin nan ma aiki ne: in ba a taje shi kullum zai cukurkuɗe ya ɓoye kaska da ƙuma. Da bazara a rage masa, a ajiye shi a inuwa.

Hukuncin ajiye kare a gida wanda ba na gadi ko farauta ba kuwa, wannan sai malamai.

Tambaya: Zan iya ba ɗan kwikwiyona ragowar tuwo da miya? (Wani magidanci, Jos)

Amsa: Tuwo ko shinkafa da ɗan nama babu laifi, Malam. Miya mai albasa da tafarnuwa a'a, suna lalata masa jini. Cakulan guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji.

Tambaya: Kwikwiyon maƙwabta ya ɗan yagi ɗana da haƙori, ko jinin kirki bai fita ba. Sai an je asibiti? (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Sai an je, yau ɗin nan. Fara wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, kada a ɗaure ko a shafa wani magani na gida. Likita zai duba ko a fara allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi a ranar farko, sai bayan kwana 3, sai bayan kwana 7 daga ranar farkon, a ci gaba yadda ya tsara. A tsare karen a sa masa ido kwana 10, amma kada a jira su cika kafin a fara allurar, don haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba ya jin magani.