Ɗalibaina Sun Ƙi Buɗe Baki a Aji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da 'yan aji biyar a wata makarantar firamare a Gadarif, nan Sudan. Yawancinsu Hausawa ne, a gida Hausa, a aji Larabci. A tsakar makaranta surutunsu har ya ishi mutum, amma da na yi tambaya sai kowa ya sunkuyar da kai. Yaya zan yi?
Wata malama, Gadarif

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Shirun nan ba rashin sani ba ne. Yaron da aka hore shi kada ya ɗaga murya gaban babba, sannan aka ce ya amsa da harshen da ba shi yake yi da mahaifiyarsa ba, dole ya yi nauyin baki. Ki tuna hadisin da Bukhari ya ruwaito: Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, ta yi kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar ya san dabino ce, amma ya yi shiru saboda ƙuruciyarsa. Da ya gaya wa mahaifinsa, Umar ya ce ai da ya faɗa, da ya fi faranta masa rai.

To, ki ba su lokaci. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nuna a 1972 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal bayan tambaya. Idan suka kai daƙiƙa 3, amsoshi kan yi tsawo, masu shiru ma su shigo. Naki yaran sun fi buƙatar haka, domin da Hausa suke tunani kafin su juya shi Larabci.

Abin da na fi yarda da shi kuwa, ki ce kowa ya juya ga na kusa da shi a benci su tattauna na minti biyu, ko da Hausa ne. Ke kuma ki riƙa zagawa kina saurare. Idan kin ji yarinya mai kunya ta faɗi abin kirki, ki raɗa mata: "Wannan daidai ne, zan kira ki." Za ta tashi da ƙwarin gwiwa.

Ki kuma sauya tambayar. Maimakon wadda amsarta kalma ɗaya ce, ki ce: me ya sa ake noman dawa da riɗi da ruwan sama a Gadarif, a jihar Jazira ta Sudan kuwa ake ban ruwa? 'Ya'yan manoma suna da ta cewa a nan. Kada ki katse yaro don gyaran nahawu, bari ya dire tukuna. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya kuwa, ki tsawata masa nan take.