Hiace na ƙwanƙwasa a gargada: in taɓa jarin albasa ko in jira?

Wani ɗan kasuwa daga Tawa ne ya aiko da tambaya. Yana da Toyota Hiace da yake jigilar kaya da ita tsakanin Tawa, Badagishiri da Konni. Duk sanda ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu, sai ya ji ƙwal-ƙwal daga gaba. Makanikinsa ya ce a canja amortisar, wato ƙarafan da ke shanye girgizar hanya, duka huɗu, jika 140 na sefa har da kuɗin aiki, kuɗin da ke hannunsa kuwa na sarin albasa ne. Ya taɓa jarin, ko ya lallaɓa motar har kaka ta wuce?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka fitar da jika 140 tukuna, kuma kada ka ce sai bayan kaka. Har yanzu ba wanda ya nuna maka abin da ke ƙarar, an dai ambaci abin da ya fi tsada. Ban ce makanikinka macuci ba ne. Amma a gareji da yawa kunne ne ke yanke hukunci, kunne kuwa ba ya bambance ƙarfen da ke kaɗawa da wanda ke maƙwabtaka da shi.

Ka fara da abin da ba ya cin ko dala. A sauke kaya duka, a ɗaure tayar ko-ta-kwana da jak, a girgiza bututun hayaƙi a ga ko robar da ke riƙe shi ta tsinke. Sannan ku bi hanya mai gargada a hankali, kai da direba, gilashi a sauke. Idan ƙarar tana fitowa lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, amma tana raguwa idan tayoyin gaba biyu suka hau tudu tare, to zargi ya fi karkata ga sandar da ke hana mota rinjaya gefe, wato robobinta ko ƴan ƙarafan da ke haɗa ta da ƙafa, biyelet. Waɗannan su ne suka fi yawan yin irin wannan ƙara, kuma suna cikin mafi araha a ƙafar mota.

Amortisar tana da nata alamun. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki: lafiyayya za ta taso ta tsaya, matacciya za ta ci gaba da lilo. Ka leƙa jikinta ko mai ya jiƙa shi, ka shafa tayar ko ta cinye tudu da kwari. Sau tari ma amortisar lafiya take, robar da ke bakinta ce ta ƙare, ko noti ya kwance.

Inda nake so ka tsaya da kanka shi ne rotil, mahaɗin nan mai kai kamar ƙwallo da ke ƙafar gaba. A ɗaga motar, makaniki ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga, ya sa ƙarfe ya ɗan bankara ta daga ƙasa. In akwai wasa, ko rotil ne ko boris. Ya sake kamawa hagu da dama. Wasa a nan na ƙarfen sitiyari ne. Ka sa hannunka ka ji, kada a ba ka labari. Rotil ne ke haɗa taya da ƙafar mota, kuma idan ya fita tayar takan kwanta nan take. A ce hakan ya faru motar cike da buhu kafin Tsarnawa, a kan hanyar Konni: ga kuɗin janyo ta, ga albasa a rana, ga ran direba da yaron mota. In rotil ne, ka gyara yau ko da daga jarin ne, ko da za ka rage buhun da ka yi niyyar saya. In biyelet ne ko roba, kuɗinsu bai kai a taɓa jari ba. In kuwa amortisar ce da gaske, a canja biyun gaba tare, na baya su jira har sai sun nuna tasu alamar. Ba dole ba ne huɗu a rana ɗaya.

Ka biya makanikin kuɗin dubawa daban, ka gaya masa haka tun farko. Wanda ya san zai samu ladan bincikensa ba ya buƙatar nemo shi a cikin kuɗin kaya. Ku je shago tare, kuma a ba ka tsofaffin da aka cire. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kayan da ke shigowa daga teku suka ƙara tsada, don haka na san na hannu yana jan ido. Ƙarfen ƙafa na hannu ba laifi in bai lanƙwashe ba. Roba da rotil kuwa, sabo mai suna nake ba da shawara, domin tsohuwar roba ta riga ta sha nata zafin kafin ta zo ta gamu da na Adar, wato yankin Tawa. Bayan an taɓa rotil ko ƙarfen sitiyari a daidaita ƙafa, in ba haka ba tayoyi ne za su biya. A kuma ƙarasa ɗaure notin robobin bayan an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne motar ba ta da asusu nata. Tana aiki, kuɗinta na narkewa cikin na albasa, ranar da ta buƙaci gyara sai a rasa aljihun da za a taɓa. Daga wannan tafiyar, ka riƙa rubuta mata kuɗin haya kamar ta wani ce ka ɗauka, ka cire wani abu a kowane sawu, ko jika 3 ne, a ajiye inda hannu ba ya saurin kaiwa. Ka sa direba ya riƙa faɗa maka yawan buhun da ya ɗora, don lodin da ya wuce kima shi ke kashe roba da sifirin na baya da wuri. Bayan wata uku ka haɗa abin da ta kawo da abin da ta ci, ka gwada da kuɗin da masu haya ke karɓa a kan buhu ɗaya daga Tawa zuwa Konni.