Bar maganar ƙasa, samo mini sunan ƙauye

Yarona, a aikin nan namu na binciken asalin iyali, ka kawo mini takardu uku na mutum ɗaya da ya yi ƙaura daga Turai zuwa Amurka, kana cewa wani ya yi kuskure. Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1900 ta ce an haife shi a Jamus, ta 1920 ta ce Poland, takardar mutuwarsa kuma an rubuta Prussia, wato tsohuwar masarautar Furusiya. Kana tambaya wacce za ka gaskata, kuma Berlin za ka rubuta wa ko Warsaw. Ajiye biron nan tukuna. Duka ukun gaskiya suka faɗa, amma babu wadda za ta kai ka ko nan da can.

Tsakanin 1772 da 1795 Rasha da Furusiya da Ostiriya suka yanka Poland sau uku suka rabe, ta ɓace daga taswira har 1918. Jamus kanta sai a 1871 ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya. To wanda aka haifa a yankin Poznań, da ke Poland a yau, kafin 1871, ɗan Furusiya ne ranar da aka yi masa baftisma, ɗan Jamus ne ranar da ya hau jirgin ruwa, ɗan Poland ne sa'ad da mai ƙidaya ya ƙwanƙwasa ƙofarsa a Shikago a 1920. Ƙauyensu na nan daram, iyaka ce ta yi ta yawo a kansa.

Ita kuma Berlin ba ta da wani babban kundi na haihuwar duk Jamusawa. Limamin cocin ƙauye ne ya rubuta, daga baya ofishin rajista na yankin. In ba ka da sunan ƙauye, allura kake nema cikin ruwa. Sunan nan kuwa a nan Amurka yake kwance, sai ka tono shi kafin ka ƙetare teku.

Ni a wurina babu kamar littafin cocin baƙi. Mutanen nan sun gina majami'unsu da yarensu, irin St. Stanislaus Kostka da aka kafa a Shikago a 1867, kuma fadan da ya ɗaura auren yana jin bakinsu, ya san yadda ake rubuta sunan garinsu. Duba rajistar aure, duba baftismar 'ya'yan fari. Takardar mutuwa kuwa ita ce koma baya, don ɗa ko jika ne ya ba da bayani yana cikin kuka, bai taɓa ganin Turai ba.

Takardar zama ɗan ƙasa tana da amfani in an yi ta daga ƙarshen Satumban 1906, lokacin da gwamnatin tarayya ta fito da fom iri ɗaya mai tambayar garin haihuwa. Kafin nan kowace kotu da tsarinta, galibi sai ka ga ya rantse ya bar biyayya ga sarkin Jamus, shi ke nan. Haka jerin fasinjojin jirgi. Na zamanin Castle Garden, tsohuwar tashar karɓar baƙi ta New York, 1855 zuwa 1890, yawanci ƙasa kawai suke faɗa. Sai a 1906 aka soma rubuta garin haihuwa, a 1907 aka ƙara sunan ɗan'uwan da aka baro a gida da inda yake. In mutuminmu ta Hamburg ya tashi, mun yi sa'a, don jerin tashar daga 1850 zuwa 1934 ya tsira, kuma yana nuna inda mutum ya zauna kafin tafiya. In ta Bremen ne, yawancin nasu an lalata su tun da can saboda ƙarancin wurin ajiya, yaƙi ya cinye wasu.

Af, matar da ta ba mu aikin nan za ta ce maka a Ellis Island, tashar da ta gaji Castle Garden, aka canza musu suna. Kowa haka yake faɗa. Kada ka musa mata da zafi, amma ka sani a tashar da aka taso ake rubuta jerin, ma'aikatan New York dubawa kawai suke yi. Mutanen ne da kansu suka mai da Müller ya zama Miller, don sauƙin zama da maƙwabta.

In takardun mutuminmu sun yi shiru, bi na kusa da shi. Ba ɗai-ɗai suka zo ba. Kamar 'yan ci-rani ne, ɗan gari ke saukar da ɗan gari. Ƙaninsa da ya iso a 1909, shaidun aurensa, waɗanda suka tsaya wa 'ya'yansa a baftisma, wani cikinsu zai furta sunan ƙauyen.

Ranar da ka samu sunan, kada ka yi murna da wuri. Neudorf a Jamusanci da Nowa Wieś a yaren Poland duk ma'anarsu sabon ƙauye, kuma suna da yawa kamar Sabon Gida a ƙasar Hausa. Ni nan, ina sabon shiga, na ɓata wata huɗu ina karanta littafin wata Neudorf, har na samu mai suna iri ɗaya na haɗa masa kakanni, ashe ba ita ba ce. Sunan uwarsa ne ya tona ni. Tun daga ranar ba na motsi sai na buɗe kundin garuruwa na Meyers na 1912, in ga gundumar da ƙauyen yake da ofishin rajistarsa. Ka kuma nemi sunansa na yau: Breslau ta zama Wrocław, Stettin ta zama Szczecin bayan 1945, kuma littattafai da yawa na waɗannan yankuna a ma'ajiyar Poland suke, ko da iyalin Jamusawa ne tsantsa.

Ɓangaren da ƙauyen ya faɗa shi zai gaya maka irin rubutun da za ka tarar. A Furusiya rajistar gwamnati ta soma a Oktoban 1874, sauran Jamus a 1876, kafin nan galibi sai coci, da tsohon rubutun hannu na Kurrent da zai sa ka hawaye makon farko. A ɓangaren Rasha da yaren Poland ake rubutawa har 1868, sannan aka koma Rashanci, kuma za ka ga kwanan wata biyu a jere, tazarar kwana 12 a ƙarni na 19. Kalanda biyu ce, ba haihuwa biyu ba. A Galisiya ta Ostiriya Latin ne cikin layuka. Suna ma yana sauya riga: Jan da Johann da Joannes mutum ɗaya ne, Wojciech shi ne Adalbert, wanda ya zama Albert a nan.

Shafukan intanet na Geneteka da Poznan Project za su taimake ka da fihirisa, amma masu sa kai ne suka kwafa, kuma gani ya kori ji. Sai ka ga hoton shafin da idonka, sunan uba da na uwa sun dace da na rajistar auren Shikago, sannan ka ce wa matar mun samu.

Gobe da safe ka je cocin da ya yi aure. Kada ka karɓi takardar shaida da sakatare zai buga maka, don a nan ake zubar da sunan ƙauye. Roƙi hoton shafin gaba ɗaya, ka kwafo mini har da shaidun.