Hutun Disamba da ƙananan yara: wace al'ada za mu kafa a gidanmu?

Tambaya: Malama, barka da aiki. Yarana biyu, babbar shekararta 4, ƙaramin 2, muna zaune a Zariya nesa da dangi. Muna yara duk hutun Disamba wajen kakarmu ake kai mu, har yau ban manta jin ɗumin wutar kara da asuba ba. Nawa kuwa in hutu ya zo sai waya da talabijin. Me zan yi musu da za su tashi da shi, tunda ba mu da halin tafiya kowace shekara?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar uwa. Ki duba abin da ya zauna miki a rai daga gidan kaka: wutar kara ce, abin da ba a kashe wa ko kwabo ba. Ya zauna ne don kullum ana yi, kuma kowace shekara ana sakewa. Haka ƙaramin yaro yake, abin da ake maimaitawa shi yake riƙewa. Don haka ki zaɓi abu ɗaya ko biyu kawai, waɗanda ko aljihu ya yi sanyi za ki iya.

Ni da za ki bi tawa, da tatsuniya za ki fara. Bayan sallar isha'i ki shimfiɗa tabarma, ki lulluɓe su da bargo ɗaya, ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku." A daren farko ke za ki koya musu amsawa. Kafin mako ya zagayo za ki ji babbar ta riga ki da "Ta zo mu ji ta," ƙaramin kuma yana jiran ƙurunƙus don ya yi tafi. Kada ki damu in Gizo da Ƙoƙi ɗin nan guda suke nema dare goma a jere. A nan suke koyon jerin magana, kuma ranar da kika sauya wani wuri babbar za ta gyara miki. Ki haɗa da kacici-kacici masu sauƙi: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," sai ki nuna mata tsintsiya a bayan ƙofa. Babansu ma ya karɓi dare ɗaya a mako, wayoyi kuma a bar su a ɗaki.

Na biyu, abin baki na lokacin. Hunturu kakar rake ce da dankalin Hausa. Ki ware safiyar Juma'a ta zama ta kunun gyaɗa da ƙosai, babbar ta ɓare gyaɗa ko da rabi za ta zubar. Ƙaramin dai kada a ba shi ƙwayar gyaɗa, tana iya shaƙe shi.

Maganar wuta kuwa, a nan zan ja kunnenki sosai. Jin ɗumi a tsakar gida ake yi, babba na zaune. Kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri da amai, ta kai ga barcin da ba a tashi, kuma yara ta fi saurin kayarwa. In ɗaki ya yi sanyi, rigar sanyi da hula da safa sun isa, a shafe su da man kaɗanya saboda kaushi.

Wani abin farin ciki kuma, shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke ta matsowa cikin sanyi. A 2030 ana sa ran Ramadan zai kama a farkon Janairu, ya sake kamawa a ƙarshen Disamba. Yaranki za su yi sahur ɗinsu na farko da kallon tashe a tsakiyar hunturu, a kan tabarmar nan da kika fara shimfiɗa musu bana.